Neman kalma: me za mu kira "Crusades" da Hausa?

Mai Gabatarwa: Salamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe goma zan naɗi shirin rediyo kan yaƙe-yaƙen da Paparoma Urban na biyu ya yi yekuwarsu a 1095, har aka ci Ƙudus a 1099, da yadda kallon da ake musu ya yi ta sauyawa. Na rubuta "yaƙin Nasara", abokin aikina ya karanta ya ce, "Nasarar wa?" A agaza.

Malamin Tarihi: Yaƙin Salibi. An gama.

Ɗan Damagaram: Ga "gicciye" a gida, sai an je aro? Yaƙe-yaƙen Gicciye.

Malamin Tarihi: Ƙanena, "littafi" da "alƙalami" a gonar wa aka shuka su?

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, ku mutanen Kano kome ya zo ku haɗiye, sannan ku ce taku ce daidaitacciya.

Tsohuwar Edita: Ku dakata. Salibin ma baƙo ne. Masanin tarihi Ibn al-Asir da ya rayu a zamanin Salahuddin, "Faranja" yake kiran mayaƙan, wato sunan mutane, ba na addini ba. Sai a ƙarni na 19 Larabawa suka fassaro "salibiyya" daga Turawa. Su ma mayaƙan farko masu ziyarar ibada suka ɗauki kansu. A ƙarni na 18 marubucin Faransa Voltaire ya ga abin hauka ne, ƙarni na 19 Faransawa masu mulkin mallaka suka mai da shi abin tinƙaho. A 2001 Paparoma John Paul na biyu ya nuna nadama a Atina kan wawashe birnin Konstantinoful da mayaƙan suka yi a 1204, a shekarar kuma shugaban Amurka Bush ya furta kalmar "crusade" aka yi masa caa. Duk sunan da ka ɗauka, idon wani zamani ka aro.

Ɗan Jos: Ko ma mene ne, kada ka ce "kurused". A nan taron wa'azin coci ne a fili.

Baƙo: Jihadin Kirista kawai!

Tsohuwar Edita: A rediyo? Kana so a rufe tashar?

Ɗan Damagaram: Har yanzu ba wanda ya faɗi laifin gicciye.

Mai Gabatarwa: Na gode, Hajiya. Zan ce "Yaƙe-yaƙen Salibi", a ambaton farko in ƙara "wato gicciye".

Ɗan Damagaram: To. Gicciye ya zama ɗan rakiya a gidan ubansa.