Babbar ƙofar ofishinmu ta ƙi kulluwa: laifin makulli ne ko na ƙofar?

Mai kula da gini:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar waɗanda suka san aikin makulli nake nema. Ni nake kula da wani ginin ofisoshi mai hawa biyu, kuma yau kusan wata uku ke nan babbar ƙofar shiga ta hana ni sakat. Ƙofar alminiyam ce mai gilashi, hinjinta uku, makullinta irin wanda ake binnewa a cikin jikin ƙyaure, da silinda, wato wurin da ake zura ɗan makulli, mai baki biyu, ciki da waje. A samanta akwai kuloza, na'urar nan mai hannu da ke janyo ƙofa ta rufe da kanta. Mutanen da ke shiga da fita ta nan a wuni sun haura ɗari.

A hankali abin ya faro. Da farko sai mai gadi ya ɗan dafa ƙofar da kafaɗa kafin ɗan makulli ya juya. Daga baya sai ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya murɗa da ɗayan. Makon jiya ɗan makullin ya lanƙwashe a hannunsa, saura ƙiris ya karye a ciki. Da safe da sauƙi, amma da yamma, bayan rana ta wuni tana dukan gilashin, sai an sha fama. Ranar da ta ƙi gaba ɗaya, sarƙa da kwado muke sawa a hannayen ƙofar. Da muka ga sarƙar ta yi mana rana, sai mai gadi ya fara sa wata a ƙofar baya ta gaggawa tun da la'asar, alhali masu shara suna ciki.

Mun fesa mai har sau uku. Na sa an canja silinda, sabuwa fil, abin ya lafa kwana biyu ya dawo. Shi ne na kira mai gyaran makulli. Dattijo ne, ya zo da 'yar jakarsa. Ya buɗe ƙofar, ya rufe, ya sake buɗewa, ya murɗa makulli tana buɗe, ya tsuguna ya duba ƙasa, ya ɗaga kai ya duba sama. Ko sukudireba bai fitar ba. Sai ya ce makulli lafiyarsa lau, ƙofar ce ta sauka, kuma kulozar tana yoyo. Ya faɗi kuɗin zuwansa da na aikin. Mai ginin ya ce mutumin da bai taɓa komai ba me za a biya shi, aka sallame shi hannu rabbana. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Shin gaskiya dattijon ya faɗa? Kuma in gaskiya ce, ta yaya zan tabbatar da idona, don in samu abin da zan nuna wa mai ginin?

Mai shagon kayan gini:

Wa alaikumus salam. Malam, makullin da ya kai ga lanƙwasa ɗan makulli ya gama yayi. Silinda kawai ka canja, ba ka canja uwar ba, wato akwatin da ke cikin ƙyaure. Cire shi gaba ɗaya ka sa mai nauyi. Maganar biya kuwa, ni ma ina ganin aiki ake biya, ba kallo ba.

Tsohon mai gyaran makulli:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka kyauta da ka tambaya kafin ka sake kashe kuɗi. Shekara talatin da 'yan kai nake wannan sana'a, kuma tun kafin in kai ƙarshen bayaninka na san abin da abokin aikina ya gani. Ɗan'uwana mai shago, ka yi haƙuri, amma in aka bi shawararka za a sa sabon makulli a ƙofar da ta karkace, cikin wata guda shi ma ya fara ciwon wanda aka cire.

Ga gwajin da za ka yi da kanka, ba ya buƙatar kayan aiki. Buɗe ƙofar, ka tare ta da ƙafa, ka murɗa ɗan makulli. Idan sakatar ta fito ta koma sumul, babu cijewa, to makulli ya fita daga zargi. Sai ka rufe ka sake murɗawa. In a nan ne ta cije, sakatar ce ba ta samun raminta a jikin firam, tana goga gefen farantin ƙarfen da ke bakin ramin. Dattijon da ya murɗa makulli ƙofa tana buɗe, wannan gwajin ya yi a gabanku, ku kuka ɗauka wasa yake da hannu.

Kana so ka nuna wa mai gini? Shafa alli ko jan-baki a kan bakin sakatar, ka rufe ƙofa, ka murɗa har ta daki ƙarfe, ka buɗe. Tabon zai nuna maka daidai inda take bugawa. Tunda mai gadinku sai ya ɗaga ƙofa kafin ta kullu, na tabbata a ƙasan ramin za ka ga tabon. Daga nan ka koma baya ka dubi ratar da ke tsakanin ƙyaure da firam ta sama. Za ka ga ta yi faɗi ta wajen makulli, ta tsuke ta wajen hinji. Ka kama bakin ƙofar tana buɗe ka ɗaga: in ta yi motsi, hinjin sama ne ya saki. Shi ne nauyin ƙofa ke fizga waje kullum, don haka notinansa ke fara kwancewa, ko ramukansu su buɗe, musamman a alminiyam da ba shi da taurin ƙarfe. Milimita biyu ko uku kacal sun isa su hana sakata shiga. Zafin yamma da ka ambata shi ke cika sauran, domin ƙarfe yana ɗan miƙewa in ya yi zafi, ratar da ta rage da safe sai ta ƙare.

Kulozar kuma tana da hannu a ciki. Cikinta sifirin ne da mai. Sifirin ke janyo ƙofa, mai ke rage mata gudu. Akwai ƙananan notina a jikinta, ɗaya na saurin tafiyar ƙofa, ɗaya na turawar ƙarshe da ke sa harshen makulli ya faɗa raminsa. In man ya zube, babu abin da ke riƙe sifirin, sai ƙofa ta riƙa bugawa da ƙarfi sau ɗari a wuni. Wannan bugun ne ke girgiza hinji har ya saki. Shafa yatsa a ƙasanta, in ka ga maiƙo to ta mutu, canja ta ake yi. Kada kowa ya kwance notinan nan har su fito, man zai tsiyaye ne kawai.

Man da kuka fesa, ku daina. Silinda ba ta son mai mai danƙo. A cikinta akwai ƙananan fil-fil na tagulla, yawanci biyar ko shida, kowanne da siririn sifirin a bayansa. Haƙoran ɗan makulli su ke ɗaga kowane fil zuwa daidai tsayinsa, sai cikin silinda ya samu damar juyawa. Mai yana kama ƙura, ya zama taɓo, fil su maƙale. Abin da ake sawa busasshen mai ne da aka yi don makulli, ko garin girafait, wato baƙin abin da ke cikin fensir, kaɗan, shi ma ba a zuba shi a kan tsohon mai. Kuma ɗan makullin da ya lanƙwashe, a jefar da shi yau. Kada a miƙe shi, kada a yanko wani daga gare shi. Kwafi daga kwafi kullum kuskure yake ƙarawa. Daga na asali ake yanka.

Yanzu maganar da ta fi ci mini rai, ta cewa bai yi komai ba. Mutane suna ɗaukar mu masu fasa ƙofa da yankan ƙarfe. Wanda bai iya ba, da ya iso sai ya fito da injin huda, ya ragargaza silinda, ya sayar maka da sabuwa, ka ga ƙura ta tashi ka ce an yi aiki. Wanda ya iya zai tsaya ya saurari ƙofa minti biyar ya ce maka kada ka sayi komai. Na farko ake biya da murna, na biyu ake kora. Na sha ganin haka, kuma har yau yana mini zafi.

Sana'ar nan tana da asali. A 1778 Robert Barron a Ingila ya fito da makullin da dole a ɗaga kowane harshe na ciki zuwa wani tsayi na musamman, in ya gaza ko ya zarce ba zai buɗe ba. Joseph Bramah ya yi nasa a 1784, ya ajiye wani a tagar shagonsa a Landan da alkawarin tsabar zinariya 200 na kuɗin lokacin da ake kira "gini", ga duk wanda ya buɗe shi. Ya fi shekara 60 babu wanda ya iya, sai a 1851 wani Ba'amurke, Alfred Hobbs, ya buɗe shi bayan awa 51 yana aiki a kansa cikin kwana 16. Silindar da ke ƙofarka kuwa jikar wadda Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista ce a Amurka a 1861 da 1865. Duk lokacin da na kwance silinda na zuba fil ɗinta a kan tire, ina tuna cewa tunanin mutanen nan nake riƙe da shi.

Banda ilimi akwai amana. Mai gyaran makulli ya san yadda ake shiga ofishinka, ya san wane makulli ke buɗe dukan ɗakuna. Maigidana da ya koya mini aiki bai bar ni na taɓa buɗe ƙofar kowa ba sai da na shekara biyu yana kallon halina, kuma ya hana ni buɗe wa mutum wuri sai na tabbatar nasa ne. Wanda za ka ba wa irin wannan sirri, bai kamata ka yi masa ciniki kamar ka tsince shi a hanya ba.

Ma'aikaciyar kashe gobara:

Baba ya gama maganar makulli, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni abin da ya tayar mini da hankali sarƙar ƙofar baya ce. Malam, don Allah a cire ta yau, kada a jira gyara. Ƙofar gaggawa an yi ta ne don mutum ya fita cikin duhu da hayaƙi ba tare da neman ɗan makulli ba, shi ya sa ake sa mata sandar nan da ake turawa da jiki.

Da rayuka aka sayi wannan darasi. A 1883, a zauren Victoria da ke Sunderland a Ingila, yara 183 suka mutu a turmutsutsu a gindin matakala, saboda ƙofar tana buɗewa ciki kuma an sa mata sakata ta bar ɗan wurin da mutum ɗaya kawai zai wuce. A 1903 gobarar gidan wasan Iroquois a Chicago ta ci kusan mutum 600, kuma bayanta ne aka fito da sandar turawa mai suna Von Duprin a 1908. A 1911 ma'aikata 146 suka mutu a gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle a New York, inda aka kulle ƙofar fita. Masu sharar nan suna da iyali. In tsoron ɓarayi ne, mai gyaran makulli ya san yadda zai sa ƙofar ta ƙi buɗuwa daga waje amma ta buɗe daga ciki.

Mai kula da gini:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Hajiya. Sarƙar baya na cire ta da hannuna tun daren jiya, kwadon yana aljihun teburina.

Da safe na yi gwajin a gaban mai ginin. Ƙofa a buɗe, makulli ya juya da yatsa biyu. Na shafa alli, tabon ya fito a ƙasan ramin kamar yadda Baba ya ce. Na ɗaga bakin ƙofar ta yi ƙwas, muka duba hinjin sama, noti biyu cikin huɗu suna juyawa a banza. Na shafa ƙasan kuloza, yatsana ya fito da mai. Mai ginin ya yi shiru, can ya ce in kira dattijon.

Na kira shi, na fara da ba shi haƙuri. Ya zo bayan azahar, bai tayar da maganar ranar nan ba ko kaɗan. Ya tallafe ƙofar da katako daga ƙasa, ya sa wa ramukan da suka buɗe sababbin mazaunin noti, ya ɗaure hinjin, ya canja kuloza, ya daɗe yana saita ta har ƙofar ta riƙa zuwa a hankali ta ce ƙyas. Ya wanke silindar daga man da muka cika mata. Farantin ramin bai ko goge shi ba, ya ce in ƙofa ta koma mazauninta babu dalilin faɗaɗa rami. An biya shi kuɗin aiki da na zuwansa na farko. Tsohuwar silindar da muka cire ma ya duba ta ya ce lafiyarta lau, in adana ta.

Baba, tambaya ɗaya ta rage. Ya ce in riƙa duba notinan hinji da ƙasan kuloza lokaci-lokaci. Ga ƙofar da ke shan zirga-zirga irin tamu, duk wata nawa ya dace?

Tsohon mai gyaran makulli:

Duk wata uku ka bi su da sukudireba, ɗana, ka fara da hinjin sama. Kuma ka gaya wa mai gadi, ranar da ya ji ƙofar ta fara neman kafaɗa, ya faɗa maka a ranar. Ka gaishe mini da dattijon.