Ciyawar sabon gidana tana ta yin ja, ina mafita?

Sabon_Maigida:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin shuke shuke ku taimaka min, na tare a sabon gida bada dadewa ba kuma akwai dan filin ciyawa a gaba da wani siriri a gefen katanga, lokacin da muka shigo koriya ce shar amma yanzu ta fara ja wani wajen ma har kasa ta fito fili. Kullum da yamma ina daukar tiyo in yayyafa mata ruwa, yankan kuma ina sauke injin kasa sosai dan kar ta yi saurin tasowa, ga wasu ciyayi masu fadin ganye sun fara cinye wajen. Taki zan zuba ne ko magani zan fesa ko kuwa dai a kankare duka a sake dasawa? Ni dai ban taba rike ciyawa ba sai yanzu.

Mai_Lambu:
Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Malam kar ka kankare komai tukuna, abinda ka fada da bakinka ya isa ya maida kowace ciyawa ja, wato yankan da kake mata da kuma yadda kake bata ruwa.

Shi ganyen nan da kake askewa dashi take hada abincinta daga hasken rana, in ka kwashe shi gaba daya sai ta koma tana cin abinda ta tara a saiwa dan ta sake fitar da sabo, saiwar ta rame, kasa ta bude rana ta daketa kai tsaye, su kuma iraruwan miyagun ciyayin da suke kwance a kasa dama haske suke jira. Ka'idar da masu wannan aikin suke bi ita ce kar ka cire fiye da kashi daya cikin uku na tsawonta a yanka daya. Misali in kanaso ta tsaya a santimita 6 to ka yanka in ta kai 9. Yawancin ciyayin gida suna jin dadi tsakanin santimita 6 zuwa 9, sai dai irinsu kiri-kiri wadda ake cewa Bermuda ita tana daukar kasa da haka kamar 3 zuwa 5. In ka bari ta yi tsawo sosai kar ka ce rana daya zaka dawo da ita daidai, rage kadan ka bata kwana biyu ka sake ragewa.

Batun ruwa kuma, yayyafin kullum saman kasa kawai yake jikawa, sai saiwar ta zauna a sama tunda can take samun ruwa, ranar da zafi ya matsa ko ka yi tafiya shikenan ta kwanta. Gara ka bata sau daya ko biyu a sati amma ya ratsa sosai. Ana kiyasta kamar santimita 2.5 na ruwa a sati harda wanda sama ta zubar, wato wajen lita 25 a kowace murabba'in mita. In kana amfani da abin fesa ruwa mai juyawa ajiye gwangwani biyu ko uku a filin ka duba minti nawa ake dauka kafin ruwan ciki ya kai wannan zurfin, daga nan ka san lokacinka. Kuma ka maida shi sassafe, na yamma yana barin ganye ya kwana a jike kuma haka cutar fangas take samun shiga.

Abban_Yara:
Ni dai a ganina yunwa ce kawai, ka samo yuriya ka watsa mata zakaga cikin sati ta dawo kore kamar ba ita ba. Duk wannan aune aunen na meye, ciyawa ce fa ba jariri ba 😂

Mai_Lambu:
Abban yara ranka ya dade a bi a hankali. Yuriya kashi 46 cikin dari nata naitirojin ne, wato sinadarin da yake sa ganye ya tofo ya yi kore, in aka watsa wa ciyawar da take fama da kishi da rana tsaka kona ta zai yi, kuma ko da ta yi koren, ganye ne kawai zai zabura, saiwa tana nan yadda take. Ba wai taki bashi da amfani bane, lokacinsa ne bai yi ba. Ya gyara yanka da ruwa tukuna ya ga ta fara motsi, sannan ya sa kadan, kamar giram 10 na yuriya a murabba'in mita daya wato kilo 1 a murabba'in mita 100, a watsa daidai ganye a bushe sannan a bi da ruwa nan take. Kuma a lokacin da take girma ake sawa, ba sanda ta yi barci saboda sanyi ko fari ba.

Uwargida_Zee:
Dan uwa tunda kace sabon gida ne ni kasar nake zargi kafin komai. Magina in sun gama aiki baraguzan bulo da ragowar siminti da tsakuwa duk a tsakar gida suke bajewa, ga motocin yashi sun bi ta kai sun danne wajen ya zama kamar daben siminti, sai a kawo yar kasa mai kyau a shimfida sama sama a dasa ciyawa, watan farko tayi kyau saboda bata kai ga abinda ke kasa ba.

Gwaji mai sauki, bayan ka bada ruwa dauki doguwar sukundireba ka caka a wurare daban daban, in ta shige santimita 15 ba wahala to da sauki, in ta tsaya a sama sai ka sa shebur ka daga wajen da ya fi lalacewa kaga me ke ciki. In baraguzai ne ba makawa sai an tone an fitar an cike da kasa mai kyau, amma iya wajen kawai ba duk filin ba. In kuma dannewa ce kawai a huhhuda kasar da cokalin lambu mai yatsu sannan a barbada rubabben taki kamar kaurin santimita 1 a ja shi da manjagara ya shiga ramukan. Rubabbe fa nace, danyen kashin dabbobi zai kona ta kuma ya kawo maka iraruwan ciyayin da baka gayyata ba.

Ta gefen katangar nan kuma ka lura awa nawa rana take samunta. Kiri-kiri bata son inuwa ko kadan tana bukatar kamar awa 6 na rana, in wajen bai samun haka ko me ka zuba bazata cika ba, sai dai ka canza zuwa irin mai fadin ganye da ake kira St. Augustine wadda ta fi jure inuwa ko ka hakura ka sa fulawowi.

Sabon_Maigida:
Kai nagode kwarai Allah ya saka da alheri. Hajiya gaskiya ta gefen katangar sai wajen azahar take ganin rana. To su wadannan masu fadin ganyen fa, wani yace min in sayi maganin da ake fesawa a gona kafin shuka, zai yi? Sannan yankakkiyar ciyawar in dinga sharewa ne ko a barta?

Mai_Lambu:
A'a dan Allah kar ka kusanci wannan, galibi glyphosate ne kuma shi baya zabe, duk wani kore da ya taba ya tafi harda ciyawar taka. In filin ba babba bane ka cire su da hannu bayan an bada ruwa kasa tayi laushi, ka tabbatar saiwar ta fito kuma kafin su yi fure. Akwai masu zabe irinsu 2,4-D da suke kashe masu fadin ganye kawai amma karanta takardar jikin robar da kyau dan wasu ciyayin kamar St. Augustine din da Hajiya ta ambata yana musu illa. Wadda zata baka ciwon kai ita ce aya-aya in akwaita, tana da yan kwallaye a karkashin kasa in ka fizge saman kawai sai ta sake fitowa, ita sai an tono.

Yankakkiyar kuma barta a wajen in gajeru ce, rubewa take ta maida wa kasa naitirojin, sai in tayi tsibi tsibi ko a jike ka yanka to ka baje ko ka kwashe kar ta rufe ta kasa. Ka duba wukar injin ma, in bakin ganyen ya yi fari fari a yage bayan yanka to ta dakushe ne, cire waya daga jikin fulogi kafin ka sa hannu ka kwance ta a kai a wasa.