Buhun Taki ko Malamin Gona: Wanne Ƙasa Ta Fi Buƙata?

Masanin ƙasa, Samaru: Salamu alaikum jama'a. Ra'ayina shi ne, tallafin taki in ba malamin gona a bayansa, ɓarnarsa ga ƙasar gona ta fi amfaninsa. Shirin GES na 2012, wato tallafin taki na gwamnatin tarayyar Najeriya, ya ba manomi buhu biyu a rabin kuɗi, saƙo ya zo ta waya. To wa ya nuna masa yadda zai zuba? Yuriya kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne. Watsa ta a saman ƙasa da rana tsaka, wani kaso ya tashi sama a matsayin iska, ruwan sama mai ƙarfi ya wanke wani zuwa rafi.

Dillalin taki, Funtuwa: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Ƙasarmu yunwa take ji, ba ƙoshi ya yi mata yawa ba. Masara a hekta ɗaya tana son kamfa, wato takin NPK 15-15-15, buhu 8, da yuriya kusan buhu biyu da rabi. Mai buhu biyu me zai ɓarnatar?

Masanin ƙasa: Alhaji, ƙarancin ne ma ya sa bai kamata ƙwaya ɗaya ta salwanta ba. Kamfa bayan kwana 10 zuwa 14 da shuka, yuriya a mako na 4 zuwa na 6, a tona ɗan rami tazarar santimita 5 daga gindi, a zuba, a rufe. Kusa da yawa, ya ƙone saiwa. Ga kuma yuriya shekara da shekaru babu takin gida, ƙasa tsami take yi.

Malamar gona, Maraɗi: Ku bari in shigo. A nan Nijar, abin da masana a cibiyar binciken noma ta Sadore suka gwada shi ne ɗan taki a ramin shuka: giram 6 na kamfa, kimanin cikin murfin kwalbar lemo. Ramin gero dubu 10 a hekta, kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da 'yan kai. Amma Alhaji na da gaskiya ta wani gefen. Wannan ɗan takin yana ƙara wa gero ƙarfin zuƙe abin da ke ƙasa, in an kwashe kara kaf zuwa gida, gonar ramewa take yi. Sai an bar kara, an kai kashin dabbobi.

Kuma shawarar da ta fi gyara ƙasa a wajenmu ko buhu ba ta buƙata: sassaben zamani. In kututturen ice ya tofo, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a sare sauran. Gawo kuwa da damina yake kaɗe ganye, bai tare wa gero rana.

Dillalin taki: Hajiya, gawo shekaru yake ɗauka. Iyali bana za su ci.

Manomin shinkafa, Kura: Shi ya sa a haɗa. A shinkafar dashe, dunƙulen yuriya ake cusawa zurfin santimita 7 zuwa 10 a tsakiyar gindi huɗu, mako guda bayan dashe, sau ɗaya tak. Sharaɗin sai an dasa a layi, kuma aikin yana cin ƙwadago. Malam, in dunƙulen babu shi a shagon Alhaji, wa'azin malamin gona me zai tsinana?