Me ya haɗa tsohon ƙarfe da ta'addancin nukiliya?

Abu Hafsa, Jidda:
Assalamu alaikum. A manyan wuraren sayen tsohon ƙarfe sai tirela ta ratsa tsakanin wasu ginshiƙai biyu kafin ta hau sikeli, wai radiyeshin, wato tururin nukiliya da ido ba ya gani, suke shinshinawa. An ce saboda 'yan ta'adda ne. To me ya haɗa gwangwan da bam ɗin nukiliya? Kuma da gaske wata ƙungiya za ta iya ƙera shi?

Injiniya Sani, Dammam:
Wa alaikumus salam, Abu Hafsa. Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Bam na gaske sai da yuraniyom da aka tace sosai, ko fulutoniyom. Wanda ake haƙowa daga ƙasa kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai nau'in 235, wanda ake bam da shi, a cikinsa, na tashar lantarki kashi 3 zuwa 5, daga kashi 20 zuwa sama kuma shi ne ake sa wa ido. Tacewar aikin gwamnati ne mai cin shekaru da dukiya, ba na mutanen da ke ɓuya a daji ba. Hanyarsu ɗaya ce: sata ko saye. Shi ya sa hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da ke Biyana take ɗaukar kilo 25 na nau'in 235, ko kilo 8 na fulutoniyom, a matsayin adadin da ɓacewarsa babbar magana ce.

Maganin kuwa shi ne kwashe kayan tun kafin ɓarawo ya zo. A 1994 Amurka ta ɗebe kusan kilo 600 na tataccen yuraniyom daga Kazakistan. Mu ma ya shafe mu: ƙaramar na'urar binciken nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya an sauya mata makamashi a 2018, aka mayar da tsohon, wajen kilo ɗaya, zuwa Sin. Gana ta riga mu da shekara guda.

Ginshiƙan da ka gani na abu na biyu ne.

Dakta Bilkisu, Makka:
Injiniya ya bar mini inda aikin yake. Abu na biyun shi ne ƙananan ƙwayoyin da ke cikin injin gashin ciwon daji, da na'urar duba walda a bututun mai, da ma'aunan masana'antu: kobal 60, siziyom 137, iridiyom 192. Ba sa tashi kamar bam ɗin Hiroshima. Tsoron shi ne a watsa su, unguwa ta gurɓata, jama'a su firgita. Amma a gaskiya sakaci ya fi ta'addanci kisa a wannan fanni.

Dubi Goyaniya ta Barazil a Satumban 1987. Mutum biyu suka ciro kan wani injin gashin ciwon daji daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka sayar wa ɗan gwangwan. Da aka fasa sai ga garin siziyom yana shuɗin haske cikin duhu, bai kai giram ɗari ba. Aka rarraba wa dangi da maƙwabta don sha'awa, wata yarinya 'yar shekara shida ta ci abinci da shi a hannu. Da amai da gudawa suka fara, sai aka zaci lalataccen abinci ne, kwanaki suka wuce. Mutum 4 suka rasu, aka samu 249 da gurɓata, aka auna wajen 112,000, aka rushe gidaje. An sake yi a Tailan a 2000, da kasuwar ƙarfe ta Mayafuri a Delhi a 2010. Siziyom ya fi muni don gari ne, yana narkewa a ruwa, kuma sai shekara 30 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Kobal shekara biyar da 'yan watanni.

Malam Tijjani, Riyad:
A ɓangaren doka: ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1540 na 2004 ya wajabta wa kowace ƙasa hana ƙungiyoyi samun waɗannan kaya. Yarjejeniyar yaƙi da ta'addancin nukiliya ta 2005 ta fara aiki a 2007. Shugabannin ƙasashe sun yi taro sau huɗu kan tsaron nukiliya daga 2010 zuwa 2016. Saudiyya ta ba da dala miliyan 10 ga cibiyar horaswa ta IAEA a Ostiriya, wadda aka buɗe a 2023. Sai dai takarda ba ta kulle ƙofa. Tsaron kayan haƙƙin kowace ƙasa ne, IAEA shawara take bayarwa, kuma inda yaƙi ya watsa ma'aikatan asibiti babu mai riƙe da rajista.

Abu Hafsa, Jidda:
Allah Ya saka da alheri. To Dakta, in an ci karo da shi a cikin kaya fa?

Dakta Bilkisu, Makka:
Alamarsa fukafukai uku kamar fanka a kan rawaya, wani lokaci jan kusurwa uku mai ƙoƙon kai da mutum yana gudu. Ko alamar ta goge, ƙaramin abu mai nauyin da ya wuce girmansa abin zargi ne, domin dalma ce ta lulluɓe shi, kuma kwaɗayin dalmar ke sa a fasa. Kada a yanka, kada a sa a aljihu, kada a ɗauka wai za a kai wa hukuma. A ja da baya: in ka ninka tazara, abin da ke dukanka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A kori mutane, a kira Difa'ul Madani, hukumar kashe gobara da ceto ta Saudiyya, a 998, a rubuta sunan duk wanda ya taɓa. Wanda ya fara amai ko fatarsa ta yi ja kamar ƙuna ya faɗa wa likita abin da ya taɓa, ko da iƙamarsa, wato izinin zamansa, ta ƙare.