Kofunan gilashin da nake hurawa suna tsagewa bayan sun huce

Assalamu alaikum, masana wannan sana'a, ina neman taimakonku.

Wata biyu ke nan da fara koyon hura gilashi. Ɗebo narkakken gilashi da bututun ƙarfe daga tanderu mai zafin digiri 1100 ya fara zauna mini a hannu, duk da har yanzu gefe ɗaya kan fi ɗaya kauri idan na yi sanyin juya bututun. Wannan da sauƙi.

Abin da ya gagare ni shi ne tsagewa. Kofi zai fito lafiya lau, in sa shi a tanderun hucewa a kan digiri 510 na tsawon awa ɗaya, in kashe. Da safe sai in tarar da tsaga a gindi, daidai inda na ɓalle sandar riƙo, wato sandar ƙarfen da ake manna wa gindin kofi don a riƙe shi yayin gyara bakinsa. Shida a jere, wallahi har raina ya fara ɓaci.

Shin kaurin gindin ne ke buƙatar ƙarin lokaci, ko kashe tanderun gaba ɗaya ne ke sa ya huce da gaggawa? Biyu daga ciki na yi musu ado da gilashi mai launi, ina zargin yadda gilashi mai launin yake buɗewa a zafi bai zo ɗaya da na gilashin kofin ba. Amma sauran huɗun fa?

Na gode.