Wace Hausa za mu ba "thread-safe"? Ni na tsaya a kan "mai jure tarayya"

1/ 'Yan uwa masu rubuta manhaja, ina so mu tsayar da kalma ɗaya ga abin da ake ce wa "thread-safe" a Turance. Na ga masu rubuta "amintaccen zare", na ga masu rubuta "zare mai tsaro". Duka biyun ba su kwanta mini a rai ba. Zan kawo dalilina daga cikin aikin kansa, don kalmar da ba ta zauna a kan aiki ba ba ta daɗewa a bakin mutane.

2/ Ga aikin. A cikin ClickHouse, rumbun bayanan da kamfanin Yandex na Rasha ya sake wa duniya a 2016, akwai wani nau'in jadawali mai suna Merge. Shi ba ya ajiye komai. Sunan rumbu ake ba shi da wani ɗan rubutu kamar ^ciniki_2024_, to duk sanda aka yi masa tambaya sai ya bi sunayen jadawalan da ke rumbun, wanda sunansa ya dace ya karanto abin da ke ciki. ciniki_2024_01 ya shiga, albashi_2024_01 ya tsaya a waje.

3/ Wannan ɗan rubutun shi ne "regular expression". Ina kiransa zubi, kamar yadda muke cewa "zubinsu ɗaya". Ba suna ɗaya yake faɗa ba, siffar sunayen yake faɗa. Don Allah mu bar fassara shi da "magana ta yau da kullum". Kalmar "regular" a nan daga lissafin Stephen Kleene ta fito a 1951, Ken Thompson kuma ya bayyana hanyar yin nema da shi a kwamfuta a 1968. Ba ruwanta da yau da kullum.

4/ "Thread" kuwa zare ne, wannan ba gardama. Zaren aiki, wato jerin umarnin da shiri ke bi ɗaya bayan ɗaya. Sabar (server) ɗaya, wato shirin da ke amsa tambayoyin masu haɗawa da rumbun, tana gudanar da zaruruwa da yawa a lokaci guda, kuma dukkansu ma'ajiyar ƙwaƙwalwa ɗaya suke taɓawa. Rumbun bayanai na MySQL a tsarinsa na asali kowane mai haɗawa zarensa ake ba shi. Rumbun PostgreSQL kuwa kowa shirinsa daban da ma'ajiyarsa daban, shi ya sa ciwon kan da zan kawo a ƙasa bai cika damunsa a wannan gaɓar ba.

5/ A nan nake so ku tsaya. Tsohon tsarin gudanar da kwamfuta na Unix, samfurin BSD, yana da wasu ayyuka biyu, re_comp da re_exec. Na farko yana harhaɗa zubi ya ajiye shi a wuri ɗaya tak a cikin shirin. Na biyu yana gwada rubutu da duk zubin da ya tarar a wurin. Ku ɗauka zare na farko ya ajiye ^ciniki_, kafin ya fara gwada sunaye sai zare na biyu ya zo ya ajiye ^albashi_ a kai. Na farko ya dawo ya ci gaba da aikinsa, bai san an sauya masa zubi ba. Mai neman lissafin ciniki sai a miƙo masa jadawalin albashin ma'aikata. Sabar ba ta faɗi ba, ba ta yi ƙorafi ba, amsa ce kawai ta fito ba daidai ba. Gobe a sake tambayar ta fito daidai, don zaruruwan ba su yi karo ba. Wannan shi ne "race condition", kuma Hausa ta daɗe da sunansa: rige-rige.

6/ To ku duba, ina ɓarawo a wannan labarin? Babu. Ba wanda ya yi kutse. Shi ya sa "tsaro" ba ta dace ba, don duk Bahaushen da ya ji tsaro a harkar kwamfuta, kalmar sirri da masu kutse zai tuna. "Amintaccen zare" kuma ta ɗora sifar a inda ba nan take ba. Ba zaren ake yabo ba. Abin da zaruruwan suka yi tarayya a kansa, shi ake tambaya ko zai fita lafiya.

7/ Allo ɗaya almajirai goma za su iya karanta shi tare ba abin da zai same shi. Ranar da biyu suka tsoma alƙalami a kansa lokaci guda, ranar ce rubutu ke lalacewa. Masu gina kayan zubi na zamani a kan wannan suka raba aikin gida biyu. A yaren manhaja na Java, Pattern shi ne zubin da aka harhaɗa, ba ya canzawa, kowa ya ɗauka. Matcher shi ke riƙe inda aka kai a cikin rubutu, kowane zare sai da nasa. PCRE2, wani kayan zubi, shi ma haka, zubi na kowa ne, wurin ajiye sakamakon gwaji na mai shi ne.

8/ RE2, kayan zubin da Google ta fitar a 2010 kuma ClickHouse ke aiki da shi, nasa ya fi ban sha'awa. Yana cikin gwada suna yana gina ƙananan matakai yana ajiyewa a cikin zubin don gwaji na gaba ya yi sauri. Wato abin da kake gani kamar karatu ne, a ƙarƙashi akwai rubutu. Don haka aka sa masa makulli a ciki, zare ya shiga ya gyara ya fita kafin wani. Makullin yana cin lokaci, har akwai zamanin da masu ClickHouse suka riƙe kwafi na biyu mai suna re2_st da aka cire wa makullan, don wurin da zare ɗaya ne kaɗai zai taɓa. Zubin jadawalin Merge kuwa tambayoyi da yawa na iya faɗa masa a lokaci guda, dole mai makulli.

9/ Na so "mara sarƙewa", don zare sarƙewa yake yi. Amma na ga gara mu adana sarƙewa ga "deadlock", inda zare biyu kowa ya riƙe makullin da ɗan uwansa ke jira, aiki ya tsaya cik. "Mai jure cunkoso" kuma maganar nauyi ce, alhali zare biyu kacal sun isa su ɓata abu.

10/ Saura tarayya. Ita ce ainihin abin da ke faruwa, abu ɗaya, masu taɓa shi da yawa. Mai jure tarayya shi ne wanda zaruruwa za su yi aiki da shi tare amsarsa ba ta gurɓace ba. Idan ana son cikakke a ce "mai jure tarayyar zaruruwa". Kishiyarsa "ba ya jure tarayya", sunan sifar kuma "juriyar tarayya". Ku gwada a bakinku: "Wannan zubin yana jure tarayya, a harhaɗa shi sau ɗaya idan sabar ta tashi." "Matcher ba ya jure tarayya, kowane zare ya ƙirƙiri nasa."

11/ Malamanmu na sashen Hausa da ku da ke koyar da manhaja, idan da wata kalma a karin garinku da ta fi wannan kama ma'anar, ku kawo ta tare da jimlar da za a sa ta a ciki, mu gwada ta a kan labarin re_comp na sama.