Me ya sa dutse ya dare bayan na ajiye hama?

Mai fasa dutse:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 11 ke nan ina wannan sana'a, amma jiya abu ya ɗaure mini kai. Wani ƙaton giranit muka samu, tsawonsa ya kai mita biyu. Yarona ya wuni yana lafta masa guduma, ba abin da ya samu sai gari da ciwon kafaɗa. Da yamma na huda ramuka takwas a jere, na zura weji, wato ƙarfe mai siririn baki da kaurin gindi, a kowanne, na riƙa bi ina ƙwanƙwasawa da ƙaramar hama. A zagaye na huɗu na ji sautin ya canza, sai na tsaya shan ruwa. Wallahi ban sake taɓa shi ba. Ina tsaye na ji ƙas-ƙas, can sai ya dare gida biyu. Ta yaya hama ta yi abin da ya gagari guduma? Kuma wa ya ƙarasa aikin?

Ɗalibar kimiyyar ƙasa:
Wa alaikumus salam Baba. Dutse gwanin jure danniya ne, amma rago ne wajen ja. Ƙarfin da zai yage shi bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wanda zai murƙushe shi ba. Guduma danna shi take yi, weji kuwa buɗa shi yake yi.

Dalilin ragwantar shi ne, kowane dutse cike yake da 'yan tsagogi tsakanin ƙwayoyinsa, waɗanda ido ba ya gani. In an danna, bakinsu rufewa yake. In an ja, sai ƙarfin ya taru a tsinin tsagar, kamar yadda tela kan ɗan ƙyasta bakin yadi da almakashi, ya ja, ya kece har ƙarshe. Wani injiniyan Ingila, A. A. Griffith, ya wallafa lissafin wannan a 1921 bayan gwaje-gwaje da gilashi. Abin da ya fi burge ni a ciki: in tsawon tsaga ya ninka sau huɗu, rabin ƙarfin farko ya isa ya ci gaba da tura ta. Wato tana tsawo, tana ƙara sauƙin tafiya.

Tsohon injiniya:
'Yata ta amsa rabin farko, bari in ɗauki na biyu. Malam, kai ka ajiye hama, amma wejin bai huta ba. Ƙarfen a matse yake cikin rami, dutsen ma ya ɗan buɗe yana neman komawa, ƙarfin duk yana nan a ajiye. A wannan hali tsaga takan yi rarrafe a hankali, musamman in akwai laima, domin ruwa yana raunana haɗin silikon da oksijin, sinadaran da ke cikin dutsen, a daidai tsinin tsagar. Ƙas-ƙas ɗin da ka ji ƙananan tsagogi ne ke haɗewa. Da ta kai tsawon da ƙarfin da ke ajiye ya ishe ta, sai ta zura da gudun ɗaruruwan mita a daƙiƙa guda. Shi ya sa ido ba ya ganin tafiyarta. Don Allah ka daina bari yaron ya tsaya kusa a lokacin jiran nan.

Mai aikin kwari (mahaƙar dutse):
Ranka ya daɗe, lissafi daban, aiki daban. Ni na sha jera ramuka tsaf, tsagar ta baro layi ta karkace, ta ɓata mini dutse.

Tsohon injiniya:
Ba ta saɓa wa lissafi ba, ɗan'uwa. Tsaga tana yanke hanyar da ake jan dutsen ne a gicciye. In weji ɗaya ya fi sauran matsewa, ko layin ya yi kusa da gefe, hanyar jan ta sauya, ita ma sai ta bi. Ga shi giranit yana da ɓangaren da ya fi saurin tsagewa, saboda yawancin 'yan tsagoginsa sun fuskanci waje guda.

Mai fasa dutse:
Na gode ƙwarai. Akwai ɗan'uwan na jiya yana jirana. Gobe zan zuba ruwa a ramukan kafin in fara, in duba agogo, in dawo muku da labari.